Hannun Hagu na Katanga

Ni fa da farko ban ƙaunaci wasan nan ba ko kaɗan. A ce mutum da furfurarsa, har da jika, ya zauna gaban kwamfuta yana ihu wai a taro masa mugu ta dama? Ina falo ina taka keken ɗinki, shi yana ƙuryar ɗaki yana ceton duniya. Amma na kama bakina, don na san abin da ya kai mu nan.

Maigidana mai walda ne. Hannun hagu ke riƙe masa ƙarfe, na dama ya riƙe wuta, haka ya ciyar da mu har yara suka girma. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a bakin aiki. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo ko da yana ɗan janta, hannun hagu kuwa ya ƙi. Yana nan kwance a cinyarsa, yatsun a lanƙwashe. Kuma a gidan nan ba a ambatonsa. In na ce bari in ɓalle maka maɓallin riga, sai ya ce zafi yake ji, a bar ta a buɗe. Mutumin nan zai iya kwana da yunwa da dai ya ce a yanka masa abu a faranti.

Auta ce ta kawo masa wasan. Tana aiki a kantin magani, ta zo wani ƙarshen mako da tsohuwar kwamfutarta ta kafa masa a kan teburin da nake guga. Wasan jarumai ne masu ƙarfin ban mamaki, irin masu tashi sama da masu ɗaga mota, ana yinsa da mutane na gaske ta intanet. Kowa zai gina jaruminsa. In ka ci faɗa a ba ka maki, kai kuma ka zuba su inda kake so, ko ƙarfi, ko gudu, ko juriya. Matsalar ita ce da hannu biyu ake yi, na hagu a kan kibod yana tsalle da kauce wa duka, na dama a kan maus.

Na ce a raina, yau yarinyar nan ta taɓo inda ba a taɓawa. Ashe ni ce ban san mijina ba. Ya zauna ya yi ta nazarin abin nan kamar yadda yake nazarin ƙofar ƙarfe kafin ya yanka. Duk makin da ya samu ya zuba a juriya. Gudu ko ɗigo bai saka ba. A cikin baiwar da ake zaɓa, ya tsince waɗanda ke aiki da kansu ba sai an danna ba. Daga baya ya samo wata garkuwa bayan wahalar watanni, wadda in jarumi ya riƙe ta duk miyagun da ke fili kansa suke yowa. Shi ke nan. Da maus kaɗai zai tako tsakiyar fili ya tsaya, a yi ta jibgarsa yana tsaye, abokansa kuma su bi miyagun ta baya su gama da su. Ya sa wa jarumin suna Katanga. Wani ƙato ne mai faɗin ƙirji, tafiyarsa kamar ta mai ɗauke da firiji.

Ya shiga wata ƙungiya, kullum da yamma in sun taso daga aiki sai su haɗu. Abin sawa a kunne yana ba shi wuya da hannu ɗaya, don haka a lasifika yake jinsu, ni ma dole na san su. Akwai Kyaftin, shugabansu, mai magana a hankali kamar likitan yara. Akwai Walƙiya, wata mace mai jaruma mai gudu, bakinta ma gudu yake yi, ni kuwa ta kwanta mini tun ranar farko. Sauran ba su cika surutu ba. Suna da ladubbansu. In ka shigo ka gaida kowa. In za ka tashi ka faɗa, kada ka ɓace ana tsakiyar faɗa. Ba a tambayar mutum ko shi wane ne a waje, ko me yake yi, sai in shi ya ga dama ya faɗa. Wannan na ƙarshen shi ya riƙe maigidana a wurin. A can babu mai ce masa sannu da jiki. Abin da nake ji kawai shi ne, "Katanga ya zo? To alhamdu lillahi, mu tafi." Wallahi ranar da na fara jin haka sai da na tsayar da keke na share ido.

Babbar dokarsu kuwa ta ganima ce. In aka kayar da babban mugu, kayan da ya zubar sai su fito a allo, kuma ba mai taɓawa sai Kyaftin ya ce wane, naka ne. Dalili, duk abin da ka ɗauka daga hannun mugu manne wa jaruminka yake yi, ba ya bayuwa, ba ya sayuwa. Akwai wani takalmin gudu da Walƙiya ta daɗe tana jira. Kullum sai ta yi maganarsa, har ni na gaji da jin takalmin nan.

Ranar da abin ya faru ina tsaye a bakin ƙofa da tsumman guga a hannu. Mun dawo daga wurin masu gashin ƙashi ke nan, inda aka ce masa ɗan yatsa ɗaya ya fara motsi. Bai ce mini komai ba a hanya. Amma ina kallo, da faɗan wasan ya lafa, ya sa hannun dama ya ɗago na hagu a hankali ya ɗora a gefen kibod. Gwadawa yake yi, yana zaton ba na gani. Daidai lokacin mugun ya faɗi, ganima ta fito, Walƙiya ta ƙwalla ƙara, "Ga shi! Wayyo Allah, ga takalmina!" Hannun nan kuwa ya sulale ya faɗa kan maɓallan gaba ɗaya. Takalmi ya ɓace daga allo. Sai ga rubutu kowa na gani, wai Katanga ya ɗauka.

Sai Walƙiya ta ce, "Katanga, me na yi maka?"

Ya ce, "Kuskure ne."

"Kuskure? Kai da ko tari ba ka yi sai ka nemi izini? Maɓallin ɗauka yana can gefe, mai wasa ba ya kai hannu wurin sai da niyya. Kuma me katanga za ta yi da takalmin gudu, don Allah?"

Kyaftin ya ce, "Walƙiya, sassauta. Katanga, yi mana bayani yadda za mu gane. Ba mu saba ganin haka daga gare ka ba."

Ina tsaye ina cewa a raina, faɗa musu mana, bawan Allah, magana ɗaya ce. Shi kuwa ya ɗauke hannun ya mayar cinya, ya ce, "Na ce kuskure ne. Zan gyara." Kyaftin ya ce to, amma ya sani ƙungiya ba ta tafiya da wanda ba a yarda da shi a kan ganima ba. Aka yi sallama ba daɗi.

Yana kashe lasifika na sauke masa. Na ce, "Yanzu ka gwammace a kira ka ɓarawo?" Ya ce ba wanda ya kira shi ɓarawo. Na ce, "Saura me? Ka buɗe baki ka ce hannu ne, a wuce wurin." Ya dube ni, irin kallon da ban so, ya ce, "Nan kaɗai ya rage mini inda ba a tausayina. In na faɗa, gobe Walƙiya za ta fara ce mini sannu. Ki bar ni." Na bar shi, amma tukwanen kicin sun ji a jikinsu.

Washegari ya shiga kasuwar wasan. Wani dandali ne a tsakiyar birnin jaruman, kowa tsaye da kayansa, ana ta rubutu ana talla. Irin takalmin nan akan samu wanda 'yan wasa masu sana'ar ƙira suka haɗa da kansu, shi ana iya sayar da shi, sai dai da wuya a gani. Ya yi kwanaki yana zagaye kafin ya samu wani mai shi. Can ma da ladabinsu. Sai ka yi sallama, ba ka tsoma baki a cinikin wani, kuma in an daidaita kowa ya ajiye kayansa a wata taga da ke buɗewa a allo a gani, ku duka ku amince, sannan a musanya. Na ja kujera na zauna a bayansa, don ciniki dai ba a gaya mini shi, yadi nake saye tun ina budurwa.

Ya jera wa mutumin duk abin da ya tara, sulke, duwatsun ƙarfi, kuɗin wasan. Mutumin ya ce ba ya so. Na ce, "Yi kamar za ka tafi." Ya juya Katanga ya fara tafiya, to amma da wannan tafiyar tasa ta mai ɗauke da firiji, kafin ya yi nisa duk wanda ke dandalin ya gane ba tafiya zai yi ba. Mutumin ya rubuto, "Garkuwar da ke hannunka nake so. Ita kaɗai."

Na ce, "Kada ka soma. Ce masa ya je ya ji da kansa." Na san garkuwar nan ita ce hannunsa na hagu a wasan. Sai na ga ya jawo ta ya ajiye a taga. Na ce, "Malam, kana da hankali kuwa? Da me za ka tsaya?" Ya ce, "Na ɗauki abin mutane." Ya danna amincewa. Mutumin har da rubuto masa Allah ya sa albarka, ni kuwa na ce albarkar ta ci gidansu, sai dai a baki na faɗa, ba a rubuce ba.

Ya aika wa Walƙiya takalmin. Ta amsa da na gode, a taƙaice, ba irin surutun da ta saba ba. Ba ta san da me aka saye shi ba. Kyaftin ya ce magana ta wuce.

Amma ba ta wuce ba. Da yamma suka fita faɗa, Katanga ya tako tsakiyar fili da wata garkuwar gwangwani da ya tsinta, miyagu suka wuce shi kamar ba su gan shi ba suka afka wa sauran. Yanzu in yana so su yo kansa sai ya danna maɓallin tsawa a kibod, in duka mai nauyi ya taho sai ya danna na karewa. Yana sakin maus ya kai hannu kibod, kafin ya dawo an kwantar da rabin ƙungiya. Aka sake, aka sake faɗuwa. Walƙiya ta ce, "Ina garkuwarka?" Ya ce ya canza tsari ne. Ta ce wannan ba tsari ba ne, rushewa ce. A ƙarshe Kyaftin ya ce, cikin muryar nan tasa mai sanyi, "Katanga, ba kora ba ce. Amma ƙarshen mako za mu shiga babban faɗa. In ba ka daidaita ba kafin nan, za mu nemi wani ya tsaya a gaba, kai ka huta."

Ka huta. Kalmar da aka gaya masa a wurin aiki ke nan. Ya kashe kwamfuta ya zauna yana kallon bango, ko shayin da na kawo bai taɓa ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, ban san wanda ya fi yawa ba.

Da safe na ɗauko kujerar ɗinkina na dangwarar a hagunsa. Ya ce lafiya? Na ce, "Nuna mini na tsawar da na karewar." Ya ce ba wasan mata masu ɗinki ba ne. Na ce Walƙiya gemu gare ta? Haruffan kibod ba sa zauna mini a kai, don haka na yanko ƙyallaye na manna musu da salatif, ja na tsawa, kore na karewa, rawaya na tsalle. Ya ce na mayar masa da kwamfuta shagon tela. Na ce ya gode Allah ban sa mata leshi ba.

Mun sha faɗa a kwanakin nan, kai! Zai ce kore, in danna ja. In ce ai bai faɗa da wuri ba, ya ce sai ya aiko mini da takardar gayyata? Sau nawa ina tura Katanga cikin rami. Akwai ranar da na tashi na ce ya nemi wata, na koma kan kekena, ban yi layi biyu ba na ji ya ce daga ɗaki, "To ai shi mugun bai tafi ba, yana jiranki." Na dawo. A hankali na daina jiran ya faɗa. In na ga kafaɗarsa ta ɗaga na san duka ya taho, sai in danna kore. Ashe shekarun da na yi ina karantar fuskar mutumin nan a kan tabarmar cin abinci ba su tafi a banza ba. Kayan mutane suka taru a falo ban ɗinka ba, wata mai riga ta zo na ce mata injin ne ya lalace, Allah ya yafe mini.

Ranar babban faɗan, muna zaune kafaɗa da kafaɗa tun kafin lokaci. Sai na ga ya ƙi shiga. Na ce mene ne kuma? Ya ce akwai doka. A ƙungiyar nan ba a sa wa jarumi hannun wani a ɓoye. In ɗanka ko abokinka zai taɓa maka, sai ka sanar, in ba haka ba yaudara ce, don mutane da kai suka yarda ba da wanda ba su sani ba. Na ce, "To wa zai gani? Ni dai ba zan yi tari ba." Ya ce, "Ni zan gani."

Na ce to ya ce matarsa ce ke taya shi, shi ke nan. Ya ce za su tambayi dalili, Katanga bai taɓa neman taimako ba. Na ce to sai ya zaɓa, ni na gaji, ko ya faɗa ko in koma ɗinkina. Ƙarya nake yi, ko da bulala ba mai tashe ni daga kujerar nan.

Ya kunna. Aka gaggaisa. Kyaftin ya ce, "Katanga, yaya, ka shirya ko mu sa wani?"

Ya gyara murya. Ya ce, "Kafin mu shiga ina da magana. Yau mu biyu ne a kan Katanga. Maiɗakina ce a kibod."

Walƙiya ta ce, "Ikon Allah. Kai me ya samu hannunka?"

Da wasa ta faɗa, na sani. Na dubi allo, ban yarda na dube shi ba.

Ya ce, "Ya shanye. Na hagu. Tun kafin in san ku. Da hannu ɗaya nake wasa, shi ya sa na gina shi yadda ba ya gudu. Ranar takalmin nan gwada shi nake yi ko zai motsa, ya faɗo a kan maɓalli. Garkuwar kuma ita na bayar na sayo miki wani takalmin, Walƙiya."

Tun da ciwon nan ya same shi ban taɓa jin kalmar ta fito daga bakinsa ba, ko a gaban likita ni ke faɗa. Na riƙe gefen tebur ina addu'a a zuci, Allah kada ka sa wani ya ce masa sannu.

Walƙiya ce ta fara magana, kuma da faɗa ta fara. "Amma kai mugun mutum ne, wallahi. Ka bar ni ina ta zaginka a raina? Ka bar ni ina yawo da garkuwarka a ƙafa? Da hannu ɗaya kake tsare mu duk watannin nan, mu masu hannu bibbiyu muna faɗuwa kamar buhuna? Kyaftin, ka ji abin kunya!"

Wani daga cikin marasa surutun ya fashe da dariya. Kyaftin ya ce, "Doka ta ce a sanar, an sanar. Madam, barka da zuwa. Kin iya tsawa?"

Na ce, "Tambayi wanda ke kusa da ni."

Aka kwashe da dariya gaba ɗaya. Kyaftin ya ce, "To Katanga, wuce gaba. Ba mu da wani."

Na juyo in ce masa mu je, sai na ga kafaɗunsa na girgiza. Mutumin da bai yi kuka a gadon asibiti ba, ga shi hawaye har gemu, yana ta ƙoƙarin haɗiyewa abin yana fin ƙarfinsa, sautin na fita. Na yi maza na miƙa hannu zan kashe makirfo don kada su ji. Ya saki maus ya riƙe mini wuyan hannu.

Ya ce, "Bar shi a kunne."